Kada Ka Ce wa Likita "Da Sauƙi"

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga wan su Hassana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya a can Legas, kai da abokan aikinka. Allah ya tsare ka a tudu, ya tsare ka a kan ruwa, ya fitar da kai lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan Mandawari kowa ƙalau. Ba zan cika ka da labarin gida ba, don ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, a ɗakin kakarka Iya ka tashi, ni kuwa na buɗi ido na tarar uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Haka na yi da kai har ka yi gemu. In ka kira waya, daga "ya aiki" sai "Allah ya yi albarka," sai in miƙa wa ƙanwarka Hassana. To yau ba zan miƙa wa kowa ba. Abin da bakina ya kasa faɗa hannuna zai rubuta, kuma sai ka karanta har ƙarshe.

Hassana ta gaya mini komai. Kada ka ga laifinta, ni na tsare ta. Ta ce jirgin ruwan da aka ɗauke ka ka riƙa kula da injinsa zai zagaya duniya, zai haura shekara bai dawo ba, kuma kafin ku tashi sai likitansu ya duba kowa. Ta ce ka ce mata in likitan ya tambaye ka ko akwai maganin da jikinka ba ya karɓa, za ka ce babu, don kada su cire sunanka su sa wani. Wai abin yarinta ne, ya wuce. Ina tankaɗe ta faɗa mini wannan magana, na ajiye rariyar, ranar a makare aka ci tuwo a gidan nan. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Zan zo kan wannan. Amma bari in fara ba ka labarin wautar da ni na tafka a tafiye-tafiyena, don kada ka ɗauka tsohuwa ce kawai da ba ta taɓa wuce Ƙofar Kabuga ba take tsorata ka. Na yi fatauci zuwa Kwatano da Lome lokacin da babanku, Allah ya jiƙansa, yake da rumfa a Ƙofar Wambai ni kuma ina saro atamfa, na kuma je Umra. Ba tafiyar da ban dawo da wani darasi a jikina ba.

Zuwana Kwatano na farko aka ce sai da katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Ni kuwa ka san ni da allura, gara a ce in yi surfe wuni guda. Abokiyar tafiyata Hajiya Ladi ta ce, "Ke Binta, wa ya ce miki sai an tsira miki? Akwai mai buga hatimi a bayan tasha, yanzu-yanzu zai ba ki." Na bi ta, aka ba ni kati fes, har ina yi wa waɗanda hannunsu ya kumbura dariya. Muna can sai zazzaɓi ya kwantar da ni. Aka kai ni wani ƙaramin asibiti, likitan ya buɗe katin ya ce to ba shawara ba ce, tunda an yi mini allura. Ni na san ba a yi ba, na kuma kasa buɗe baki. Na kwana na wuni ina jawo fatar idona a madubi ina duba ko ya yi ɗorawa. Allah ya rufa asiri zazzaɓin sauro ne, amma tsoron da na sha ya fi ciwon. Don haka duk allurar da aka ce ka yi, ta shawara, ta sanƙarau, ta ciwon hanta, ka miƙa hannu a tsira maka kana gani. Ka fara da wuri, don wasu sai an maimaita, wasu kuma suna saukar da zazzaɓi, kada ka bari sai ana gobe tafiya.

Sai haƙori. Kafin in tafi Umra ina da wani turmin haƙori mai kogo, in ya motsa in cusa masa kanumfari ya lafa. Babanku ya ce in je a duba, na ce ai da sauƙi. Jirgi na tashi sama haƙorin ya ce ga ni nan. Kafin mu sauka kuncina ya yi suntum, haka na yi ɗawafi hannu ɗaya a kunci, mutane na kuka don tsoron Allah, ni rabin kukana na haƙori ne. A ƙarshe wani likita Balarabe ya cire shi, ba ya jin Hausa ba na jin Larabci, da yatsa muka yi magana, ina ta addu'a kada ya cire na kusa da shi. Kai ma kana da irinsa. Ranar Babbar Sallar da ta wuce na ga yadda kake tauna nama da gefe ɗaya, kana rufe ido in ka kurɓi ruwan sanyi. Ba na magana ne, amma ina gani. A tsakiyar teku ba mai cire maka haƙori. Ka je a cike shi ko a cire shi tun ƙafarka tana ƙasa, a duba maka ido kuma, ka tafi da tabarau biyu.

A wannan tafiyar dai na sake yin wata. Maganin hawan jinina na ɓare shi duka daga kwalinsa na juye a gwangwanin alawa, wai don kada ya cinye mini wuri a jaka. A masauki kuwa duk wadda ta ce kanta na ciwo sai in ce, "Ungo Hajiya, wannan yana yi mini." Ka san halinmu, ba ma iya ganin mutum na nishi muna da abu a hannu. Kafin mu gama kwanakinmu gwangwani ya zama wayam, kaina ya fara sarawa, ina ganin duhu-duhu. Na je kantin magani, mai kantin ya ce mene ne sunansa, na ce fari ne ƙarami mai tsaga a tsakiya. Mutumin ya juya ya nuna mini bango guda na magunguna, kusan duk farare ne ƙanana. Allah kaɗai ya san abin da na jawo wa matan da na rabawa, waɗanda jininsu lafiya lau. Kowane magani ka bar shi a kwalinsa da takardar likita, ka sa shi a jakar da ke hannunka, ba wadda za a ɗora a kaya ba. Kada ka ba kowa naka. Kada kuma ka karɓi na kowa, ko da kuwa mutumin ya haife ka a shekaru, ko da zai ji haushi. Ɗan Kano ba ya iya cewa a'a in babba ya miƙo masa abu, to kai sai ka koya.

Ruwa ma kada ka yi wasa da shi. A hanyar Lome na taɓa ƙin shan ruwa tun daga fitowa, don ina jin nauyin in ce wa direba ya tsaya a cikin maza. Na isa da ciwon mara da fitsari mai zafi, kasuwar da ban ci ba ke nan. Hassana ta ce ɗakin injin da za ka yi aiki ya fi gidan burodi zafi. Ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya tambaye ka, ka kuma tabbata mai tsabta ne in kun sauka a wani gari.

To yanzu ga maganar da ta sa na zauna.

Kana aji uku na firamare ka dawo daga Islamiyya da zazzaɓi. Wata maƙwabciyarmu ta aiko da ragowar maganin da ɗanta ya sha ya warke, na karɓa da godiya, na ba Iya ta ba ka. Washegari da safe na je zubar da fo ɗinka na ga fitsarin ya yi baƙi kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ban gaya wa kowa ba, na dai ce wa Iya gara mu kai ka asibiti.

Likitan da muka samu baƙo ne, Ba'indiye, ba ya jin Hausa, wata nas ce take fassara. Layi ya yi tsawo, mutane har waje. Ya taɓa goshinka, ya tambaya ta bakin nas ɗin, "Yaya jikin nasa daga jiya zuwa yau?"

Iya tana zaune a gefena. Ni yarinya ce a lokacin, kai ɗan fari, a gaban uwata. Ta yaya zan buɗe baki in ce ɗana zai mutu, ku taimake ni? Ta yaya zan kama zancen fitsari a gaban namiji baƙo? Na sunkuyar da kai na ce abin da kowa yake cewa in an tambaye shi mai jiki. Na ce, "Da sauƙi."

Ya juya gare ka, nas ta ce, "Kai yaro, ya jikin?" Ka ɗago ka dube ni, leɓenka ya yi fari, ka ce, "Da sauƙi." Daga bakina ka ɗauka.

Nas ta juya masa maganar da Turanci yadda muka faɗe ta. Mutumin nan ya ji uwa ta ce an samu sauƙi, yaro ya ce an samu sauƙi, ga jama'a na jira. Ya rubuta abin saukar da zazzaɓi ya ce mu je, in bai daina ba mu dawo. Ba laifinsa ko kaɗan.

A tasi muna hanyar gida, rana tsaka, kanka ya langaɓe a cinyar Iya. Ta girgiza ka, ba ka motsa ba. Ban san lokacin da na fizge ka daga hannunta ba, ranar na fara rungumar ka a gaban mutane tun da aka yaye ka. Direba ya juya da mu a guje. A bakin ƙofar ɗakin gaggawa mai rubuta suna ya ce, "Sunan yaro?" Ina tsaye da kai a kafaɗa, jikinka ya saki, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Ya sake tambaya. Sai da Iya ta iso tana haki ta faɗa masa. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai in ji haushin kaina ya taso mini har wuya.

Jininka ne yake narkewa. Aka aika kasuwa aka kira babanku, aka ɗebi nasa aka ƙara maka. Da ka farfaɗo likitan ya zo ya tsaya a kaina, ransa a ɓace, ya ce a tambaye ni me ya sa na ce ka samu sauƙi. Na ce, "Ai haka ake cewa." Nas ɗin ta yi masa bayani cewa mu ko mutum na gargara, in aka ce ya jiki, da sauƙi za a ce. Sannan ya ce a gaya mini shi ba gaishe ni yake yi ba, tambayata yake yi.

Shi ya bayyana mana cewa da abin aka haife ka, a cikin jini yake, kuma ta wajen uwa ɗa namiji yake gadonsa. Wato daga gare ni ka samo. Akwai magungunan da in suka shiga jikinka sai su farfasa jinin, har da wasu na zazzaɓin sauro. Ya ce shawarar da ka yi kana jariri ma, wadda muka ɗora wa iska, ba mamaki kafur ɗin da na zuba a akwatin kayanka ne. Ka taɓa lura duk gidajen layinmu in an buɗe adaka ƙanshin kafur ne ke tashi, ban da namu? Ranar da aka sallamo ka na kwashe shi kaf na zubar. Abu na ƙarshe da ya faɗa shi ne ba ya warkewa, girma kuma ba ya raba mutum da shi. Ba ciwo ba ne da zai hana ka komai, muddin duk mai ba ka magani ya sani.

Kuskurena na biyu ya fi na farko daɗewa. Ban taɓa zaunar da kai na ba ka labarin nan ba. Na bar wa Iya da babanku, su kuma suka ce maka kawai kada ka sha magani barkatai. Kai abin da ka riƙe daga kwanciyar nan lemon kwalba ne da 'yan dubiya suka yi ta kawo maka. Shi ya sa yau kake ce masa abin yarinta. Iya ta rasu, babanku ya rasu, ni kaɗai na rage da na ga idonka ya kafe a tasin nan.

Ban zauna haka ba. Da Hassana ta gaya mini, na yafa mayafi na je gidan Malam Sani na bayan layi, na samu 'yarsa likita. Ta rubuta mini sunan abin, G6PD, ga shi na kwafa maka harafi-harafi. Ta ce mutane da yawa a ƙasar nan suna da shi, suna aikinsu, suna tafiye-tafiyensu, kuma ita ba ta ga dalilin da zai sa a hana mutum aikin inji saboda shi ba. Na ce ta yi mini alkawari ba za su cire ka ba. Ta ce, "Hajiya, wannan ba zan iya ba, ban san dokarsu ba. Abin da na sani, jirgin da zai ratsa ƙasashen sauro ana iya raba wa ma'aikatansa maganin kariya, kuma a cikin irin waɗannan akwai wanda bai kamata ya sha ba. In sun sani, sai su ba shi wani. In ba su sani ba, su da kansu za su miƙa masa." Na ce in abin ya tashi a tsakiyar ruwa fa? Ta ce a can ba inda za a samo jini.

Ka ji. Wancan karon akwai tasi, akwai asibiti kusa, akwai babanka da ya nannaɗe hannun riga. Wannan karon ba ko ɗaya.

Saboda haka ga abin da za ka yi, ba shawara nake ba ka ba. Ka je a sake gwada jinin nan a Legas, a ba ka sakamako a rubuce da Turanci. Ka kai wa likitan jirgin da hannunka tun bai tambaya ba, ka ce masa an taɓa ƙara maka jini kana yaro, ka faɗi dalili. Ka sa a rubuta a ɗan kati ka rataya a wuya, yadda in ba ka iya magana katin zai yi. Ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali a cikin abokan aikinka ka gaya masa. In ka ji warin kafur a ɗakin kwananku ko a durowar kaya, ka sa a fitar. In kun sauka ƙasashen Larabawa za ka ga wani wake mai faɗi da suke karyawa da shi, ful suke ce masa, na ci shi a Makka, yana da daɗi, 'yar Malam Sani ta ce kai ka bar shi. In kuwa wata rana ka ga fitsarinka ya canza, ko idonka, ko ka ji numfashi na yi maka wuya, a take za ka je ka faɗa da bakinka, da sunan abin, ba kunya ba kwana-kwana.

"Da sauƙi" magana ce mai kyau, godiya ce ga Allah, ba na ce ka daina ba. Ka ce wa mai dubiya, ka ce wa abokin da ya gaishe ka. Amma likita in ya tambaya, ka gaya masa inda ke ciwo, tun yaushe, da yadda yake yi. Dogara ga Allah ba ta hana faɗin gaskiya, kai ka fi ni karatu, ka sani.

Na san abin da tafiyar nan take a wajenka. Tun kana zana jiragen ruwa da gawayi a bangon zauren Iya, kai da ko madatsar ruwa ta Tiga ba a taɓa kai ka ba, nake share bangon ina faɗa, ina kuma jin daɗi a raina. Na san ka sha wuya kafin sunanka ya fito. Ina so ka tafi, wallahi ina so, ina so ka ga duniyar nan ka dawo ka ba ƙannenka labari ina daga ɗaki ina saurare. In ka faɗi gaskiya suka ɗauke ka, ka tafi da albarkata. In suka cire ka, za ka ji ciwo, ni ma zan ji, sai ka nemi wani jirgin. Ban taɓa ce maka in ka yi kaza ban yafe ba, yau ma ba zan ce ba. Amma ka sani, in ranar ganin likitan nan ta matso ban ga hoton takardar gwajin a wayar Hassana ba, zan hau mota in zo Legas da ciwon gwiwata, in nemi ofishin, in shiga in faɗa musu da kaina a gabanka. Na je Kwatano ban san kowa ba, Legas ba za ta gagare ni ba.

Sau ɗaya aka tambaye ni sunanka a lokacin da ranka ke hannun Allah, na kasa. To ga shi.

Nasiru.

Na rubuta, hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Nasiru ɗana, in ni zan iya wannan bayan shekarun nan duka, kai ma za ka iya buɗe baki a gaban likita.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin ruwa da iska da ciwon da ba a gani. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki a duk gaɓar da kuka tsaya, ya ba ka lafiyar yin sallarka a kan lokaci, ya maido ka Mandawari da ƙafafunka. Hassana da sauran ƙannenka suna gaishe ka. In ka gama karantawa ka kira, kuma kada ka ce a ba ka Hassana. Ni zan ɗauka, zan tambaye ka ya jiki, ka kuma san amsar da ba na so.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Binta